Akwatin Tambaya: "Baba Yace Ba Zai Ba Mai Walda 'Yarsa Ba"

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan makon kusan duk abu ɗaya suke zagayawa, maganar sana'ar hannu da aikin ofis, wai wanne ne aikin mutunci wanne ne na wanda ya rasa yadda zai yi. Na ɗauki guda huɗu na cire sunaye kamar yadda muka saba. Kuma tun da wuri bari in faɗa muku inda na fito, ni ɗan tela ne, a gindin keken ɗinki nayi rarrafe, da kuɗin ɗinkin sallah aka biya min jarrabawa, sannan na shekara fiye da 20 ina aikin ofis, don haka duka biyun na san daɗinsu na san ɗacinsu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, dan Allah shawara nake nema wallahi raina a jagule yake. Ni 'yar Tudun Wadar Kaduna ce, shekarata 24, na gama NCE. Akwai wanda muke tare dashi shekara biyu kenan, mai walda ne a Panteka, yana da shagonsa da yara huɗu a ƙarƙashinsa, ƙofofi da tagogi yake yi harda injin niƙa, ya sayi fili gini ya kai linta, baya shaye-shaye sallah bata wuce shi duk unguwa an shaide shi. Da ya turo magabatansa Baba ya karɓe su da mutunci amma suna tafiya yace shi bai kai ni makaranta don in ƙare a gidan maƙeri ba, wai akwai ɗan abokinsa da yake aiki a wata ma'aikata shi zai ba. Shi wancan ɗin ban ce yana da wani aibu ba amma ni bana sonsa, kuma ko kuɗin haya yayansa ne yake cika masa. Baba tsohon ma'aikaci ne yayi ritaya har yau bin garatutinsa yake, amma yace ko ba komai ma'aikaci yana da ƙarshen wata. Ƙawayena ma wasu dariya suke min wai zan auri mai baƙin hannu. Mama tana bayana amma tsoron Baba take ji. Ya zanyi?

AMSA: 'Yata, kafin komai kar ki sa a ranki Baba ƙinki yake, tsoro yake ji miki, kuma in kika gane inda tsoron ya samo asali zaki san ta inda zaki ɓullo masa.

Lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sun tarar da maƙera da marina da majema da masaƙa da magina, da kayan hannunsu aka san ƙasar nan har bayan Sahara, abin da suka rasa shi ne wanda zai riƙe musu littafin haraji da rubutun boko. Shi yasa Baturen nan Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawar Kano a 1909, daga baya aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, duk wanda ya fito sai ya zama malamin makaranta ko malamin En'e, ga albashi ga keke ga farar riga, ga shi kusa da sarki kusa da Di'o, talaka in ya gan shi sai ya durƙusa. Aka zo zamanin Sardauna ana neman 'yan Arewa da zasu cike gurabe ido rufe, ka gama sakandare aiki na jiranka. A 1974 aka yi ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, ma'aikata suka kwashi ariyas, babura da rediyo suka cika gari. Toh cikin wannan duniyar Babanki ya buɗe ido, a wurinsa ma'aikaci shi ne mutumin da ya tsira. Abin da zuciyarsa bata gama yarda dashi ba shi ne tun 1986 da aka shigo da SAP, tsarin tsuke bakin aljihun gwamnati, darajar naira ta fara zubewa wannan duniyar take rushewa, yau mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, a lokacin buhun shinkafa guda ya isa ya cinye shi. Shi kansa yana bin garatuti amma mutum baya saurin sakin abin da ya ba rayuwarsa gaba ɗaya, ki tausaya masa a nan.

Sannan ki lura da kalmar da ya faɗa, bai ce mai walda ba, maƙeri yace. Wannan kuma tsohon ciwo ne da ya girmi boko, mu Hausawa mun daɗe muna jera sana'o'i sama da ƙasa, malamai da attajirai a sama, mahauta da wanzamai da maƙera da maroƙa a ce ba a haɗa zuri'a dasu, alhali ba wanda zai iya kwana biyu ba tare da ya nemi ɗaya daga cikinsu ba. Kuma abin mamaki kowane babban gari akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina, sarki ne da kansa yake naɗa musu rawani. Ki je Zariya ki tambayi tsohon masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda aka gina zamanin Sarki Abdulkarimu, za a ce miki aikin Babban Gwani ne, magini ne mai cuɗa ƙasa da hannu, yau shekara kusan 200 sunansa bai ɓace ba, masana gine-gine har daga waje suke zuwa kallon bakan gizon da ya ɗaura, wato lanƙwasassun ginshiƙan da suke riƙe da rufin.

Ta ɓangaren addini kuwa Baba bashi da madafa, kuma ina faɗin haka da girmamawa. Annabi Dawud ƙarfe yake sarrafawa yana ƙera sulke, Alƙur'ani ne ya faɗa, Annabi Zakariyya kafinta ne, kuma Manzon Allah (SAW) yace ba wanda ya taɓa cin abinci mafi alheri irin wanda ya ci daga aikin hannunsa. Ɗansa Ibrahim ma a gidan maƙeri aka yi renonsa a Madina, yakan je ya ɗauke shi gidan cike da hayaƙi. Akwai wani sahabi Abu Hindu, ƙaho yake yi, wato a wurinmu wanzami kenan, Annabi da bakinsa yace wa Banu Bayada su aurar masa su kuma nemi aure a gidansa. Kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, in ana maganar dacewar miji da mata addini ake dubawa da lafiyarsa daga aibobin da suke hana zaman aure, sana'a bata cikin sharaɗi.

Amma fa kar ki ɗauki waɗannan hujjojin ki je ki zazzage wa Baba, ba daga bakinki ya kamata ya ji su ba, in kika yi haka ko yana da niyyar saukowa ya fasa. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko gwaggonki ko limamin unguwa, Mama ta san ko waye. Kuma a roƙe shi abu ɗaya kawai, ya tura ƙaninsa ko shi da kansa ya je Panteka ya ga shagon da idonsa, ya ga yaran da suke ci a ƙarƙashin mutumin nan, ya je ya ga ginin. Dayawa cikin iyayenmu hoton da ke kansu na mai walda shi ne yaro a bakin titi da yagaggen wando, basu san a Panteka ana ƙera injin casa da injin niƙa da tankuna ana lodi zuwa wasu jihohi ba.

Kuma gaskiya ɗaya ce, maganar ƙarshen wata da Baba yayi ba shirme bace. Mai sana'a ran da ya kwanta ciwo ran nan kuɗi ya tsaya, ba hutu ba fansho, in babu wuta sai ya sha man janareta, in ƙarfe ya tashi riba ta tafi, ga ido da walda take ci a hankali. Don haka ke ma ki yi naki binciken, yana ajiya? yana adashi ko yana da asusu a banki? yana sa gilashin walda na gaske ko baƙin tabarau na kasuwa yake maƙalawa? ya yarda ki yi koyarwa bayan aure? In ya yarda, toh ga amsar Baba nan, ƙarshen watan da yake nema miki ke ce zaki kawo shi da NCE ɗin da shi ya biya miki, kinga karatun bai tashi a banza ba. Shi kuma ɗan abokin nasa ki faɗa wa Mama ƙarara ba kya sonsa ta isar, hadisi ya tabbata cewa budurwa ana neman izininta. Maganar ƙawaye kuwa ki bar su, baƙin hannu sabulu ke wanke shi, kuma ba su zasu zauna miki a gidan ba.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni a Kano nake, na gama digiri a fannin nazarin zamantakewa, na gama bautar ƙasa shekara huɗu kenan ba aiki, na cike fom har na gaji, kullum ina majalisa daga safe sai an kira magariba, kuɗin data ma sai na roƙi ƙanwata. Kawuna yana aikin tayil yace in zo ya koya min amma wallahi kunya nake ji ace duk wahalar da nayi a jami'a a ganni durƙushe cikin siminti, abokaina da muka gama tare su wuce a mota. Yanzu kuma wani ya zo yace in kawo miliyan biyu zai samo min ofa a wata hukumar tarayya, Hajiyarmu tace zata sayar da gonarta ta gado a biya. Me ka gani?

AMSA: Ɗana, gonar nan kar a taɓa ta, in ka bari aka sayar wallahi zaka daɗe kana cizon yatsa. Sayen ofa cin hanci ne, kujerar wani ka saya, kuma albashin da zaka riƙa ci daga nan kai da kanka ba zaka samu natsuwa dashi ba. Bayan haka dayawansu ma na bogi ne, a buga maka takarda mai tambari ka je kama aiki a ce ba a san da zamanka ba, wanda ya karɓi kuɗin ya kashe waya. A 2023 har kwamitin majalisar wakilai sai da ya zauna kan zargin sayar da guraben aiki. Ni kaina na san gidan da aka sayar da shanu aka biya, yau ba shanun ba aikin, uwar ce take ta hawan jini.

Ka tuna 15 ga Maris 2014, ranar jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice? Mutum fiye da 500,000 suka nema, guraben basu kai 5,000 ba, kowa an karɓi naira 1,000 a hannunsa, aka yi turmutsutsu a wuraren jarrabawar a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin, matasa fiye da 15 suka mutu da kwalinsu a hannu. Ina kawo maka wannan ne don ka gane ba laifinka bane kuma ba asiri aka yi maka ba, kujerun ne basu kai yawanku ba kuma ba zasu taɓa kaiwa ba, kowace shekara jami'o'i ƙara yaye dubbai suke.

Yanzu ka zagaya inda ake manyan gine-gine a Abuja ko nan Kano ka tambaya su waye suke sa tayil da adon silin, sau da yawa zaka ji an ce 'yan Kwatano ne ko 'yan Togo, mai gida ya gwammace ya ɗauko su ya basu wurin kwana ya biya su da tsada saboda layinsu baya karkacewa. Lokacin gina matatar Ɗangote a Legas sai da aka kwaso ƙwararrun ma'aikata daga Indiya da wasu ƙasashe. Kuɗin nan a gabanmu yake wucewa muna zaune a kan benci. Kuma abin da yake ƙona min rai, ba wai yaranmu ragwaye bane, yaron da ba zai ɗauki bulo a unguwarsu ba shi ne zai ratsa Agadas ya je Libiya ko Aljeriya yana kwaɓa siminti, ko ya tafi Jado haƙar zinariya cikin rana mai kashe mutum, ko ya je Saudiyya yana wanke-wanke. Ashe ba aikin ake gudu ba, idon sani ake gudu. Kai ma ka duba saƙonka, baka ce aikin zai fi ƙarfinka ba, cewa kayi kar a ganka.

Ban ɗora muku laifin ku kaɗai ba. Da aka kawo tsarin karatu na 6-3-3-4 a shekarun 1980 an ce kowane yaro zai taɓa zarto da guduma a ƙaramar sakandare, aka sayo injina daga waje, a makarantu dayawa a cikin akwati suka ruɓe ba wuta ba malami. Wanda ya je kwalejin fasaha ana masa kallon wanda ya faɗi jarrabawa, mai HND har yau yana kukan ana fifita mai digiri a kansa. A Jamus kuwa yaro zai gama makaranta ya shiga koyon sana'a na wajen shekara uku, wasu ranaku a kamfani wasu a aji, ana biyansa yana koyo, ya fito da takardar da ko'ina ake girmamawa, kuma ba wanda zai hana shi 'yarsa don yana gyaran famfo.

Ka je wurin Kawu. Amma bari in faɗa maka abin da zaka tarar don kar ka gudu a sati na biyu, watannin farko shara zaka yi da ɗaukar kwali da kwaɓa siminti, yaron da ka girma da shekara goma shi zai ce miƙo min kaza kuma dole ka miƙa don ya riga ka, gwiwa zata yi ciwo bayanka zai riƙe, siminti zai cinye maka fatar hannu. Ka sayi takunkumi don ƙurar yankan tayil tana lalata huhu, ka sa safar hannu, ka samu abin da zaka riƙa durƙusawa a kai. In ka jure shekara ɗaya zuwa biyu hannunka ya faɗa, a nan karatunka zai fara magana, kai ne zaka auna ɗaki ka fitar da murabba'in mita ka faɗi kwali nawa zai ci ba tare da an yi asara ba, kai ne zaka rubuta kiyasi mai tsafta ka kai wa injiniya, ka ɗauki hoton aikinku ka sa a Facebook da WhatsApp, ka yi wa sana'ar rajista, ka je ka yi jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ka samu takarda. Abin da Kawu ya shekara 20 bai samu ba na manyan kwangiloli kai kana iya jawo muku shi. Neman aikin ofis kuma ba wanda yace ka daina, duk inda aka tallata ta hanyar gaskiya ka cike, amma ka cike da kuɗin datarka. Guntun gatarinka ya fi sari ka bani. Ita kuma Hajiya ka je ka zauna ka ce mata ta bar gonarta, ka faɗa mata ranar da zaka fara zuwa wurin Kawu.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wani asibiti a Sakkwato, abin yana min ciwo yadda yanzu aka mayar da mu abin zagi, kowa sai yace 'yan ofis cima-zaune ne muna shan fanka muna jiran alat. Ni tun takwas nake fita sai biyar, ido na ciwo baya na ciwo, in lissafi bai daidaita ba ni za a tuhuma. Mu ba aiki muke ba?

AMSA: Aiki kike 'yar'uwa, kuma mai nauyi. In ke baki daidaita lissafin nan ba ba a sayo magani, ba a biya mai shara, ba a zuba wa janareta mai. Mai walda ma in ya je banki ko ya kai matarsa haihuwa wani mai biro ne zai saurare shi. Ni ban yarda a ɗaga mai guduma ta hanyar taka mai alƙalami ba, raini ne dai aka juya masa fuska.

Sai dai ki yarda dani ruwa baya tsami banza. Ni na zauna a ofis, na ga wanda zai zo goma ya sa hannu ya rataye hula a kujera ya fice sai gobe, na ga tsoho ya taso daga ƙauye tun asuba da fayil ɗin fanshonsa a ce masa oga baya nan ya dawo jibi, sau biyar sau shida, har sai ya gane abin da ake so ya miƙa. Irin waɗannan ne suka ja muku zagin, kuma mai gaskiya a ofis shi yafi kowa shan wahalarsu don aikinsu a kansa yake taruwa. Ki riƙe amanarki, ki riƙa tashi kina ɗan takawa duk bayan awa ɗaya saboda bayan, idon kuma ki je a auna miki tunda a asibiti kike.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa Malam, daga Damagaram nake rubuto maka, yarona ne yake rubuta min. Ni kafinta ne shekara 27 ina wannan aiki, da shi na yi aure na aurar da 'ya biyu. Abin da ke damuna mutane basu ɗauke mu a bakin komai ba, mutum zai sa ka yi masa gado da kujeru ka gama yace ka dawo ƙarshen wata, ka yi ta sintiri a ƙofar gidansa kamar mai bara, yaronsa ya fito yace wai baya nan alhali kana jin muryarsa. Saboda haka na hana ɗana zuwa shago, nace ya tsaya ga lakwal, wato makarantar boko, ya samu bak, takardar gama sakandare, ya zama ma'aikaci kar ya sha wulaƙancin da na sha, shi kuma yana son aikin katako har ɓoyewa yake ya zo. Na yi daidai?

AMSA: Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Wallahi saƙonka ya tuna min da mahaifina, na sha ganin ya kwana uku baya barci daren sallah, fitila a gefe ƙafa na kan keke har ta kumbura, a zo a karɓi kaya a ce za a aiko, shikenan sai wata sallar. Akwai ran da ya aike ni karɓar kuɗi wani babban gida aka bar ni tsaye a rana daga azahar har la'asar, ƙarshe aka miƙo min rabi ta hannun mai gadi, ina ɗan shekara 12 a lokacin amma har yau ina jin zafin abin. Wanda zai shiga babban kanti ya biya abin da aka rubuta ko tari bai yi ba, shi ne zai zauna ya yi awa guda yana taya gumin kafinta. Manzon Allah (SAW) yace a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, yace kuma jinkirin mai hali wurin biyan bashi zalunci ne, duk mai riƙe da haƙƙin lebura ko tela ko birkila yana karanta wannan shafin ya ji tsoron Allah ya aika masa yau.

Amma Baba mu ma 'yan gidan sana'a sai mun gyara namu, alƙawarin tela har karin magana ya zama, a karɓi kafin alƙalami a cinye a kama aikin wani, a nuna wa mutum katako mai kyau a yi masa da wani, bakanike ya cire lafiyayyen kaya ya sa tsoho. Wannan ya ba masu cin haƙƙi hujja. Ban ce kana yi ba, shekara 27 ba a yinta da ha'inci a gari ɗaya. Abin da zan ce ka samu littafi, tunda yaron ya iya rubutu ya riƙa rubuta maka kowane aiki, nawa aka yi jinga, nawa aka bayar, yaushe za a karɓa, mai aiki ya sa hannu. Kuɗin katako da ƙusa da fenti a biya su tun farko, kuma kaya kar su bar shago sai an cika, wanda ya ji haushi ya tafi dama shi ne wanda ba zai biya ba. Ku masu sana'ar in kuna da ƙungiya ku haɗa baki a kan haka don kar in ka ƙi maƙwabcinka ya karɓa. Kuma ka riƙa ware wani abu komai ƙanƙantarsa, ko akuya ce ka saya ka ajiye, saboda ranar da hannu zai gaji, mahaifina da idonsa ya raunana har zare sai mun zura masa a allura, ba abin da ya riƙe gidan sai 'yan tumakin da ya tara da shagon da ya saya.

Maganar yaro kuwa, ban goyi bayan ka hana shi ba. Lakwal dole ne, ya yi ta har inda ƙwaƙwalwarsa ta kai, amma yaron da yake ɓoyewa ya zo shago Allah ne ya sa masa son abin, irinsu ne suke zama gwanaye. Ma'aikatan da kake so ya zama a Nijar ɗin ma ai kana ganin masu digiri suna zaune suna jiran a ɗauke su. Ka bar shi ya riƙa zuwa da yamma da ranakun hutu, ka sa masa sharaɗi in sakamakonsa ya yi ƙasa shago ya tsaya. Kuma dan Allah ka daina zagin sana'arka a gabansa, in kana so ka yi kukan waɗanda suka cuce ka ka yi da abokanka. Ka koya masa yadda ake gane busasshen katako da ɗanye, da yadda ake wasa zarto, da yadda ake haɗa ƙafar kujera bata girgiza, shi kuma ya nuna maka sababbin zane a waya.

Sauran saƙonnin da ban samu taɓawa ba, musamman na 'yar'uwar da mijinta ya hana ta ɗinki a gida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.